Yaron Da Ya Daskare, Dorina Ba Ta Narkar Da Shi



Akwai sunaye uku da muka fi saurin jifan ɗalibi da su idan aka yi masa tambaya ya tsaya ƙiƙam, ido a buɗe, baki a rufe, kamar an dasa shi. Ko mu ce daƙiƙi ne, ko mu ce taurin kai yake yi mana, ko kuma, musamman idan yarinya ce, mu ce iskokai ne suka taɓa ta. Kowane suna da hukuncinsa a shirye: na farko a yi masa dariya a gaban aji, na biyu a sa masa dorina, na uku a danne ta a yi ta tsawa a kanta har ta galabaita. Abin da na zo in faɗa shi ne, a lokuta da dama duk sunayen nan uku kuskure ne, kuma hukuncin da muke yankewa a kansu shi ke ƙara wa cutar ƙarfi. Ina kuma so reshenmu na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya a Babura ya ɗauki matsaya a kan wannan magana a rubuce, kamar yadda yake ɗauka a kan albashi da ƙarin girma.

Mu fara da abin da aka sani game da ƙwaƙwalwa, domin kada gardamar ta tsaya a kan ra'ayi kawai. A can cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wasu 'yan curi biyu ƙanana da masana ke kira amigdala. Aikinsu gadi ne. Da zarar sun ji alamar haɗari sai su buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya kwarara zuwa gaɓoɓi domin a yi faɗa ko a gudu. A gefensu akwai hifokamfus, wanda ke taimakawa wajen ajiye sabon abin da aka koya da kuma jera abubuwan da suka faru bisa lokaci da wuri. Daga gaba kuma, bayan goshi, akwai sashen da ke tunani da auna magana da danne fushi, kuma shi ne mafi jinkirin nuna, domin ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara 20. Karatu aikin waɗannan biyun na ƙarshe ne. Idan ƙararrawa tana kaɗawa, jiki yakan rage musu ƙarfi ya ba mai gadi, domin wanda kura ta biyo ba ya bukatar jadawalin sau bakwai.

Wannan tsari rahama ce idan haɗarin na ɗan lokaci ne. Matsala tana zuwa ne idan yaro ya tashi a inda ƙararrawar ba ta hutawa: gidan da ake duka kullum, ko ake faɗa tsakanin iyaye har da jini, ko uwa ta rasu aka bar shi a hannun wanda ba ya ƙaunarsa, ko wani babba yana lalata da shi a ɓoye yana yi masa barazana. A shekarar 2011 Eamon McCrory da abokan aikinsa a Landan sun ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar yaran da suka sha azaba a gidajensu, suna nuna musu hotunan fuskoki. Sun ga cewa da zarar fuska mai fushi ta bayyana, mai gadin ƙwaƙwalwar waɗannan yara yakan zabura fiye da na sauran yara, irin zaburar da aka taɓa gani a sojojin da suka dawo daga fagen yaƙi. Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwa. Ɗaure fuskar da malami ke yi don a ji tsoronsa, wani yaron yana ganinta ne kamar yadda soja ke ganin bakin bindiga.

To, babba idan ya ji tsoro yana iya faɗa ko gudu. Yaro ɗan shekara 7 fa, da wa zai yi faɗa, kuma ina zai gudu ya je? Saura hanya ta uku, wadda ko a dabbobi ana ganinta idan an rutsa su: daskarewa. Jiki yana nan, hankali ya fice. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan hali. Bafaranshen nan Pierre Janet ya yi rubutu a kansa tun 1889. Da Hausa muna iya kiransa ficewar hankali. Wanda abin ya same shi yakan ji kamar yana kallon kansa daga nesa, ko ya ji muryoyi kamar daga cikin rijiya, ko ya ji jikinsa ya mutu ko an tsunkule shi ba zafi, wani lokaci kuma ya dawo bai san abin da ya faru a tsakani ba. Likita Ruth Lanius ta ƙasar Kanada ta auna masu fama da tabon firgita yayin da ake tuna musu abin da ya same su. Mafi yawansu zuciyarsu ta ƙara bugu, tsoro ya taso. Amma kusan uku cikin goma sun nuna akasin haka: bugun zuciya bai ƙaru ba, sashen gaba na ƙwaƙwalwa ya danne mai gadi da ƙarfi har ji ya ɗauke gaba ɗaya. A 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke rarrabe cututtuka da shi ya amince da wannan a matsayin nau'i na musamman na tabon firgita.

Yanzu mu dawo aji. Yaron da ya saba ficewa idan an ɗaga murya a gida, haka zai yi idan an ɗaga murya a makaranta, domin jikinsa bai san bambancin tsawar uba da ta malami ba. Ka tambaye shi, ya yi shiru. Ka ƙara tsawa, ya ƙara nisa. Ka ɗauko dorina, ka zabga masa, ko gezau bai yi ba, ko hawaye babu. Sai ka ce: kun gani ko, zuciyarsa ta bushe, duka ma ba ya jin sa. Alhali rashin kukan nan shi ne babbar shaidar cewa ba ya wurin. Ka daki jiki ne, mai jikin ya riga ya tafi. Abin da kawai ya koya a ranar shi ne cewa ajinka ma ba wurin aminci ba ne, don haka gobe tun kafin ka buɗe baki zai fice.

Wani zai ce ai irin waɗannan yara 'yan ƙalilan ne, bai kamata a sauya tsarin makaranta saboda su ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa kimanin yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Ba duka ne za su sami tabo mai ɗorewa ba, kuma ba duk mai tabo ne ke daskarewa ba; wasu faɗa suke yi, wasu ba sa iya zama wuri guda. Amma a ajin da ke da yara 80 ko 100, ko kaɗan daga cikinsu abin ya kama, adadin ya isa a damu. Ku ƙara da abin da jiharmu ta gani da idonta a 'yan shekarun nan. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje ta cinye gonaki a sassa da dama na Jigawa, yara sun kwana a azuzuwan makarantu a matsayin 'yan gudun hijira. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka rasu, aka bar marayu da waɗanda suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba. Mu kuma nan bakin iyaka, rufe iyakar Nijar a watan Agusta na 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, ya karya jarin magidanta da yawa, kuma kowa ya san inda fushin magidancin da jarinsa ya karye yake sauka. Duk waɗannan yara ba su tafi ko'ina ba. Suna zaune a gabanmu a Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, muna kiran sunayensu a rajista kowace safiya.

Na san amsar da ta fi kowace farin jini a ofishin malamai: mu ma an dake mu, ga shi mun zama mutane. Wannan magana tana da rauni biyu. Na farko, masu faɗinta su ne waɗanda suka tsira. Ina 'yan ajinmu da suka gudu daga makaranta a aji uku saboda tsoron malamin lissafi? Ba sa cikin ofishin malamai balle a ji tasu shaidar. Na biyu, ba a san illar ƙuruciya mai wahala da kallon fuska. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego na Amurka game da abin da suka sha a ƙuruciya, sannan suka duba lafiyarsu. Mutane ne masu aiki da rufin asiri, waɗanda kowa zai ce sun zama mutane. Duk da haka, waɗanda suka sha nau'i huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya an same su da haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ninki huɗu zuwa goma sha biyu, har da ƙarin ciwon zuciya da na hanta. Game da duka kansa kuwa, a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara hali ba; abin da suka samu yana tafiya tare da shi shi ne ƙarin tsaurin ido da faɗa da damuwa.

Amsa ta biyu ita ce wai wannan duk tunanin Turawa ne, mu muna da tarbiyyarmu. To, mu koma ga namu malaman. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malaman makaranta. A ciki ya iyakance bulala ga uku sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska, ya hana malami ya yi duka don huce fushinsa. Ibn Khaldun a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ware babi guda ya nuna cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, tana kashe musu kuzari, tana koya musu ƙarya da yaudara domin su tsere wa hannun mai duka. Sama da su duka, Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya shaida cewa ko tsawa bai taɓa yi masa ba. Saboda haka malamin da ke jera yara 40 ya bi su da dorina goma-goma saboda sun makara, kada ya fake da addini ko al'ada. Ko a ma'aunin malaman da suka halatta bulala ya wuce gona da iri. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa yin baka ko ƙota ya san a hankali ake tanƙwarawa. Wanda ya fizga da ƙarfi karyawa yake yi.

Amsa ta uku ita ce ta iskokai, kuma a nan ina so a fahimce ni. Ban zo musun abin da addininmu ya tabbatar ba, kuma ban hana kowa addu'a ba. Tambayata ita ce: wa ya ba malamin aji ikon yanke hukuncin cewa abin da ya kama yarinyar nan aljani ne? Yarinyar da ta faɗi a taron safe, ko ta sandare, ko ta yi magana da wata murya, tana iya kasancewa da yunwa, ko ƙarancin jini, ko farfaɗiya. Akwai ma wata irin farfaɗiya ta yara da ba a faɗuwa, sai dai yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu sau da yawa a yini, kuma tana da magani. Tana kuma iya kasancewa tana ɗauke da wani sirri mai nauyi da ba ta da bakin faɗa, jikinta ne ke faɗa mata shi. Idan muka taru a kanta, maza huɗu suka danne ta, ana tsawa ana watsa mata ruwa ana dukanta wai ana dukan aljani, alhali asalin ciwonta wani ne ya taɓa danne ta, me muka yi ke nan? Mun maimaita mata abin da ya same ta, a gaban 'yan ajinta. Mun kuma rufe ƙofar tambaya, domin da zarar an ce iska ce, ba wanda zai sake tambayar wane ne ke shiga ɗakinta da dare. Sau da yawa sunan aljani mafaka ce ga ɗan'adam mai laifi. A yi addu'a a hankali cikin mutunci, a kuma kai ta asibiti. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa yaron da ya sha wahala ya lalace ke nan har abada. Binciken da na ambata yana magana ne a kan yawanci, ba ya yanke wa kowane yaro ƙaddara. Ƙwaƙwalwar yaro tana sauyawa da abin da ta tarar, mai kyau ko marar kyau. A ƙasar Romaniya, daga shekarar 2000, masana sun bi yara 136 da suka tashi a gidajen marayu inda ba mai ɗaukarsu ba mai yi musu wasa. Aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu kula. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu, da suka kai shekara takwas, awon aikin ƙwaƙwalwarsu ya yi daidai da na yaran da suka tashi a gidajen iyayensu. Darasin a fili yake: kulawa tana gyara, kuma gwargwadon saurinta gwargwadon amfaninta. Abin da masana suka fi samu a rayuwar yaran da suka tsallake wahala lafiya shi ne babba guda ɗaya tabbatacce wanda yaron ya amince da shi. A ƙauyukanmu, ga yaro da yawa, wannan babban ba zai zama kowa ba sai malamin aji.

Ba na ɗora wa malami laifin duka. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ta kuma yi tanadin malaman ba da shawara a makarantu. Kowa a cikinmu ya san yawan yaran da ke ajinsa, ya kuma san ko makarantarsa tana da mai ba da shawara ko babu. Malamin da ya fito gida ba a ɗora tukunya ba, bashi na jiransa a kanti, ya tarar da yara 90 a ɗaki guda ba kujera, shi ma mai gadin ƙwaƙwalwarsa a tsaye yake, kuma dorina ce kayan aikin da ya fi kusa da hannunsa. Don haka hukumomi ba su da bakin cewa a daina duka sannan su juya baya. A watan Disamba na 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ɗan wannan gari namu, ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Jigawa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokoki sun samu. Malami nawa ne a ƙaramar hukumar nan aka taɓa zaunar da su aka bayyana musu abin da waɗannan dokoki suka ɗora musu, da inda za su kai rahoto idan yaro ya buɗe baki ya faɗi abin da ake yi masa?

Ga abin da nake roƙon reshenmu ya tattauna a taro mai zuwa. Da farko mu yi wa kanmu alkawari a rubuce cewa ba za a daki yaron da ya daskare ko ya suma ba, ba za a daki kai ko fuska ba, ba za a kira yaro daƙiƙi ko mai iskokai a gaban aji ba, kuma duk horon da aka yi a rubuta shi a littafin shugaban makaranta. Na biyu, mu koya wa juna abin yi, domin ba ya bukatar kuɗi: ka sassauta murya, ka rage tsawo ka daidaita da shi, ka kira sunansa a hankali, ka faɗa masa inda yake da cewa ba abin da zai same shi, ka ba shi ruwa, ka kori 'yan kallo, kada ka taɓa shi ba zato, kada ka tsare shi da tambayoyi a lokacin. Idan yarinya ce a kira malama. Na uku, idan abin yana maimaituwa a kira iyaye cikin sirri a shawarce su su kai shi Babban Asibitin Babura a duba jini da farfaɗiya da ji da gani, idan likita ya ga dama ya tura su asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Zuwa can ba hauka ba ne kuma ba abin kunya ba ne. Idan kuwa yaro ya ambaci cin zarafi, a sanar da shugaban makaranta da ofishin jin daɗin jama'a, kada a binne maganar da sunan rufin asiri, domin asirin mai laifi ake rufawa. Na huɗu, shugabannin ƙungiya su sa wannan cikin bukatun da suke kai wa sakataren ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da Ma'aikatar Ilimi: malamin ba da shawara ko da ɗaya ne ga kowane rukunin makarantu, bita ga malaman da ke bakin aiki, ƙarin malamai don rage cunkoso, da kuma sa wannan darasi cikin abin da ake koya wa ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel kafin su fito.

Ku kuma iyayen gida da ke karanta wannan, maganar ta shafe ku. 'Ya'yan malamai ma yara ne, haka 'yan riƙo da almajiran da ke yi mana aike. Yaron da ke fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake zabura cikin barci, ko ya yi tsit idan an ɗaga murya, yana faɗa muku wani abu ne da irin harshen da yake da shi. Kafin a ɗauko bulala a tambaya: me ya same ka?

Ƙungiyarmu ta saba cewa darajar malami ita ce darajar al'umma, kuma muna da gaskiya idan muka nemi haƙƙinmu. Amma wanda ke neman a ji kukansa a Dutse, ya kamata ya fara jin shirun yaron da ke zaune a gabansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana, ya shirya mana zuriya, amin.